Mamaci a Kan Mangwaro

A duk 'yan acaɓar Kontagora ba a yi mai baki kamar Nu'uman ba. In ka hau bayansa daga tasha zuwa kasuwa, kafin ka sauka sai ka ji yadda ya taɓa tsere wa motar asibiti da fasinja biyu a baya, da yadda wani babban mutum a Abuja ya durƙusa yana roƙonsa ya zama direbansa, shi kuwa ya ce ba shi da lokaci. Abu ɗaya ne tak a cikin zancensa ba ƙarya ba, wato babur ɗin nasa ne. Ja ne, mai madubi biyu, ya biya kuɗinsa da guminsa, kuma kullum da safe sai ya wanke shi kafin ya wanke fuskarsa. Da shi ake ci a gidan, da shi ake sha. In ka cire babur ɗin nan, abin da ya rage wa Nu'uman sai baki.

To, bayan babur, dukiyar da ya tara ita ce bashi. Mama Tabita mai abinci tana binsa kuɗin shinkafa da nama. Baba Andarawus, maƙwabcinsa mai sayar da hatsi, yana binsa buhun masara tun bara. Nma bakanike yana binsa kuɗin taya. Saboda mutanen nan gari ya yi wa Nu'uman ƙunci, hanyoyin da yake iya bi suka zama 'yan kaɗan. Fasinja zai ce a kai shi bakin kasuwa, sai ya ga an bi da shi ta bayan makaranta, an ratsa kwata, an ɓullo ta gonar wani. In ya yi magana, Nu'uman ya ce sabuwar hanya ce, gwamnati ba ta ma san da ita ba tukuna.

Wata rana da yamma ya fito majalisar da ake yi a gindin mangwaron ƙofar gidansa, yana kaɗa waya kamar wanda ya tsinci zinariya.

Ya ce, "Jama'a, matsalarku ita ce ba ku waye ba. Bashi iri biyu ne, akwai mai ƙafa, akwai marar ƙafa. Bashin Mama Tabita yana da ƙafa, har gida yake biyo mutum. Amma akwai wasu mutane a cikin wayar nan, kuɗi sun yi musu yawa, nema suke a karɓa. Ka danna, su turo. Ina tambayarku, waya tana da ƙafa?"

Nma ya ce, "Nu'uman, rabu da waɗannan. Ba su da ofis, ba su da rajista, 'yan damfara ne. Kana danna musu amincewa za su kwashe duk lambobin da ke wayarka."

"Su kwashe mana, su gaishe su! Ni da nake yi wa 'yan Legas wayo tun ba ka iya riƙe sifana a gareji ba? Zan karɓi marar ƙafa in biya mai ƙafa, shi kenan kowa ya huta."

"To kuɗin tayata fa?"

"Kai ne na farko. Ka ɗauka ma yana aljihunka."

Nan take ya sauke manhajar. Ta nemi izinin ganin lambobi, ya danna. Ta nemi izinin ganin hotuna, ya danna. Da ta nemi izinin shiga ɗakin matarsa ma da ya danna, don ko karantawa ba ya yi. Da aka ce ya ɗauki hoton fuskarsa, ya karkace hula, ya washe haƙora duka, ya ce su gani su san da wa suke hulɗa. Ya nemi dubu hamsin, suka turo talatin da biyar, suka ce sauran kuɗin hidima ne, kuma saba'in zai biya. Nu'uman ya yi dariya har da buga cinya, ya ce su rubuta miliyan ma in sun ga dama. Kafin a kira magariba ya karɓa daga manhaja ta biyu da ta uku.

Wallahi da niyyar biyan bashi ya fita washegari, wannan ba za a zalunce shi ba. Matsalar kawai, hanyar shagon Nma ta gaban tela take bi, kuma telan ya rataye wata shadda mai ruwan sararin samaniya. Daga shadda sai takalmi, don ba a sa irinta da silifas. Daga takalmi sai baƙin tabarau. Da yamma majalisa ta ci tsire har sai da mutane suka riƙa kiransa Alhaji. Wurin Mama Tabita kuwa ya je, ya ci shinkafa da nama huɗu, ya biya kuɗin ranar lakadan yana ɗaga takardun sama kowa ya gani.

Ta ce, "To na baya fa, ɗana?"

Ya ce, "Mama, kar ki haɗa sabon zamani da tsohon zamani."

Da wa'adi ya cika aka fara kira. Da fari wata mace ce mai daɗin murya tana gaishe shi da Turanci. Daga baya wani ƙato ya karɓa, ya zagi Nu'uman, ya zagi unguwarsu, ya zagi har babur ɗin da bai taɓa gani ba. Waya ta riƙa kuka ba dare ba rana, har matarsa Khadijat ta tambaye shi ko amarya zai yi ne. Sai ya tara majalisa, ya zare layin wayar a gabansu, ya ɗaga shi sama, ya jefa a kwata.

"Kun ga bashin nan? Na binne shi. Wa zai yi masa addu'a?"

Amma zagin ƙaton nan ya shige shi, musamman da ya ce suna da yara a kowane gari. Saboda haka ya shaida wa duniya cewa Abuja za shi, manya sun kira shi kan wata kwangila. Ya tura babur cikin zaure, ya lulluɓe shi da zanen Khadijat mafi kyau, ya ce ko ƙuda kada ta bari ya sauka a kai. Ya sa shaddarsa ya nufi tasha da tafiyar ƙasaita. Da ya tabbatar ba mai kallonsa, ya faɗa motar Ibeto.

A Ibeto yana da tsohon aboki manomi, ya yi zaton can zai kwanta a inuwa ana kawo masa fura har ƙura ta lafa. Ashe lokacin cirar gyaɗa ne. Abokin ya yi murna ƙwarai da ganinsa, ya rungume shi, ya miƙa masa fartanya. Bayan 'yan kwanaki bayan Nu'uman ya ƙi miƙewa, tafin hannunsa ya yi bororo, shadda ta koma ruwan ƙasa. Ya ce da wannan azaba gara zagin waya. Ya ari malfa, ya sa takunkumi da baƙin tabarau don kada masu ƙafa su gane shi, ya dawo Kontagora da hantsi.

A tasha ya zaɓi ɗan acaɓar da bai sani ba, wani mai suna Abel da bai daɗe da zuwa daga Dukku ba. Ya faɗa masa unguwa da layi.

Abel ya ce, "Ayya, gidan makoki za ka ke nan. Sannu da haƙuri."

"Makokin wa?"

"Wani ɗan acaɓa, Nu'uman. Ni ban san shi ba, amma an ce in ya fara magana rediyo ma shiru take yi."

Saura kaɗan Nu'uman ya faɗo daga bayan babur. Abel ya tsaya a gefen hanya ya nuna masa waya. Ga hotonsa nan, hula a karkace, haƙora a waje, an zagaye shi da baƙin layi har da kyandir biyu. A ƙasa an rubuta cewa ya rasu a kan hanya, an riga an yi masa sutura a can, ya bar bashi mai nauyi, duk mai son ya huta a kabarinsa ya tura taimako ta wannan lambar asusu. Masu manhaja sun tura wa kowace lamba da ke wayarsa, daga nan kuma gari ya ɗauka.

Abel ya ce, "An yi ta kiran wayarsa, a kashe. Wani direba ma ya rantse ya ga motar a kife a hanyar Abuja. Ni dai tausayin matar nake ji. Amma ku Musulmi kuna da kirki a nan wajen, na ga liman yakan tambayi masu bin mamaci bashi, mutane su yi ta cewa sun yafe."

Nu'uman ya buɗe baki zai yi ihu cewa yana raye, sai ya fasa. Sun yafe? Ya ji wani sanyi ya ratsa shi tun daga malfa har takalmi. Wato in ya daure ya ci gaba da mutuwa zuwa la'asar, Mama Tabita za ta yafe, Nma zai yafe, Baba Andarawus zai yafe, a gaban liman da shaidu. Sai ya bayyana da yamma ba ko sisin kwabo a kansa. Kai, irin wannan ƙwaƙwalwa a ce a acaɓa ta ƙare!

Ya sa Abel ya sauke shi a lungun bayan gida. Da Abel ya miƙa hannu, ya ce masa, "Jira ni nan, yanzu zan fito da canji."

Ya laɓe a bayan katanga har aka kira azahar. Lissafinsa shi ne duk maza za su tafi masallaci, ƙofar gida ta zama wayam. Haka kuwa aka yi, sai dai ya manta Baba Andarawus ba masallaci yake zuwa ba. Tsohon yana nan a kan benci yana gadin tabarmi, amma ya rufe fuska da hula, hannuwa a kan ciki. Nu'uman ya ce barci ya kwashe shi. Ya taka katanga, ya kama reshen mangwaro, shadda ta ce ɓaar daga hammata har ƙugu. Ya haye can cikin ganye, daidai saman inda liman zai zauna, ya gyara zama kamar alƙali.

Daga cikin gida yana jin kukan mata. A cikinsu ya tsinci muryar Khadijat, ta dushe, ba ta ma fita sosai. Wannan ya sosa masa rai ƙwarai, har ya sauko da ƙafa ɗaya. Sai ya tuna buhun masara, ya mai da ƙafar, ya ce ai don ita yake yi.

Ba shi kaɗai ne a kan reshen ba. Cinnaku sun riga shi, kuma ba su ji daɗin baƙo ba. Na farko ya shiga ta inda shadda ta yage, ya aika wa 'yan'uwansa labari.

Maza suka dawo suka zazzauna. Malam Yero liman ya yi addu'a, sannan ya ce a faɗi alherin mamaci. Nu'uman ya baza kunne yana jiran yabo. Kowa ya dubi na kusa da shi. Wani ya yi tari. Can mai shayi ya ce, "Allah ya jiƙansa, yana da murya."

Wani ya ce, "Kuma bai taɓa ƙin abinci ba."

Nu'uman ya ciji leɓe. Mutanen da suka ci tsirensa ke nan!

Malam Yero ya gyara murya ya ce, "Jama'a, bashi nauyi ne a kan mamaci. Ga yayansa Saliu nan. Duk wanda yake bin Nu'uman wani abu ya faɗa, wanda zai yafe kuma Allah ya saka masa."

Nu'uman ya shirya yatsunsa don ƙirga yafiya, da ɗaya hannun kuma yana susa.

Nma ya miƙe yana share ido. "Kuɗin faci da na aiki na yafe har ga Allah. Amma tayar nan ba tawa ba ce, a shagon wani na ɗauko masa."

Mama Tabita ta fito daga cikin mata, ido jajur, ta ɗaure ɗankwali a ƙugu. "Yaron nan kamar ɗana yake. Shinkafa na yafe, miya na yafe. Nama kam, Malam, ni ma bashi nake ɗaukowa wurin mahauci, kuma Nu'uman bai taɓa cin ƙasa da uku ba."

Daga nan sai abu ya ɓalle. Mai shayi ya miƙe. Mai wanki da guga ya miƙe. Mai cajin waya ya miƙe. Tela ya ce akwai cikon kuɗin shadda. Wani tsoho da Nu'uman ya manta da shi sam ya ce ya ba shi aron jarka tun kafin azumi biyu da suka wuce, ita kawai yake so. Kowa ya yafe ƙaramin ya riƙe babban. Yatsun da Nu'uman ya tanada don yafiya suka ƙare a ƙirgar sababbin masu bi, cinnaku kuwa sun kai wurin da ba a susa a gaban mutane.

Sai mai shayi ya ce, "Amma Saliu, ai taimakon da muka tura zai rage wani abu."

Saliu ya ɗago kai. "Wane taimako?"

"Na asusun nan da aka sa a ƙasan hoto."

"Mu ba mu ba da wani asusu ba. Mun ɗauka 'yan ƙungiyar acaɓa ne suka buɗe."

Shugaban 'yan acaɓa ya ce, "Mu kuma mun ɗauka ku ne. Har mun tura namu."

Mama Tabita ta ɗora hannu a ka. "Wayyo! Kuɗin zumuntar matan cocinmu na tura jiya!"

Nma ya karɓi wayar wani ya duba sunan da ke kan asusun, ya girgiza kai. "Wannan ba sunan kowa ba ne a garin nan. Mutanen bashin waya ne. Ni ban ma lura da lambar ba sai yanzu. Kowa ya tura ba wanda ya tambayi gidan mamaci?"

Wuri ya kaure da salati da sallallami. A sama kuwa Nu'uman ji ya yi kamar ya fashe. Shi ne ya mutu, shi cinnaku suke ci, amma wasu can suna cin ribar mutuwarsa ko kashi ɗaya ba su ware masa ba.

Saliu mutum ne marar hayaniya, mai tsoron Allah. Ya share hawaye ya ce, "Ba zan bar ƙanina ya kwanta da nauyin mutane ba. Waɗanda suka tura kuɗi ma saboda shi suka tura, za mu mayar musu. Abin da ya bari ɗaya ne. A fito da babur."

Nu'uman ya leƙo ta cikin ganye. Yana gani aka turo babur ɗinsa, aka yaye zanen, jan fentin nan ya ɗauki rana. Ya rungume reshe ya ce wa kansa kada ya motsa, ai ciniki da mamaci ba ciniki ba ne, da yamma zai warware komai.

Sai ga Baba Andarawus ya tashi daga benci, ya gyara hula. Ya zagaya babur a hankali, ya shuri taya, ya latsa kujera, ya tsuke baki. Da zai yi magana kuwa sai ya ɗaga murya fiye da yadda ya saba, har yana ɗan ɗaga haɓa sama.

"Wannan ne babur ɗin da aka dame mu da shi? Ai wannan tsohon ƙarfe ne. Injin ya riga mai shi mutuwa."

Nu'uman ya danne bakinsa da hannu biyu.

"Fentin ma na ƙarya ne. Madubin nan ko budurwa ba za ta duba fuska da shi ba. In 'yan gwangwan suka gani sai sun nemi a ƙara musu kuɗin ɗauka. Amma saboda maƙwabtaka, na saya dubu ɗari da hamsin."

Ba wanda ya taya sama da haka, don ba a son jayayya a gidan makoki. Saliu ya dubi liman, liman ya sunkuyar da kai. Saliu ya miƙa wa tsohon hannu, ya buɗe baki zai ce ya sallama.

"Albarka!"

Daga sama muryar ta fito, kamar tsawa. Kowa ya daskare.

"Albarka, na ce! Ban sallama ba! Dubu ɗari shida, ko sisi ba ragi! Wa ya ce injina ya mutu?"

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Mai shayi ya tsallake mutum uku a zaune. Tela ya shige ƙarƙashin benci ya bar ƙafafu a waje. Mama Tabita ta kurma ihu, "Jinin Yesu!" ta ruga cikin gida ta rufe ƙofa da mata a ciki. Malam Yero bai gudu ba, a gaskiya, amma ya fara ayatul kursiyyu ya tsinci kansa a tsakiyar wata sura daban. Shugaban 'yan acaɓa ya haye babur ɗin wani yana ta bugawa ba makulli. Tsohon mai jarka ne kawai ya ɗaga kai ya ce, "In kai ne, ina jarkata?"

Reshe ya ce ƙaras. Nu'uman ya sauko tare da ganye da cinnaku, ya faɗi tim a tsakiyar tabarmar liman. Ya miƙe yana tsalle yana marin cinyoyinsa, malfa a wuya, tabarau ido ɗaya, shadda a buɗe kamar labule.

Baba Andarawus ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Sannu da sauka. Tun da ka taka katanga nake kallonka ta ramin hulata. Na so in ga iya inda haukan zai kai."

Jama'a suka fara dawowa da ɗai-ɗai, kowa yana laluben takalminsa. Saliu ya matso, ya taɓa kafaɗar ƙaninsa, ya ji nama ne. Ya rungume shi yana kuka. Da ya gama kukan sai ya cafki wuyan shaddar ya ƙi saki.

Nu'uman ya gyara rabin tabarau ya ce, "Jama'a, ku kwantar da hankalinku. Gwaji ne na shirya, don in san masoyana na gaskiya. Kuma na ji komai da kunnena. Malam shaida ne, Nma ya yafe faci, Mama Tabita ta yafe shinkafa da miya."

Daga bayan ƙofa muryar Mama Tabita ta fito. "Mamaci na yafe wa! Kai ban san ka ba, sai ka biya har gishiri!"

Nma ya ce, "Nima gawa na yi wa ragi."

Nu'uman ya ce, "Malam, ka faɗa musu yafiya ba ta dawowa!"

Malam Yero, wanda har yanzu numfashinsa bai daidaita ba, ya ce, "Kai dai ka dawo, me zai hana ta?"

Ana cikin haka sai ga Abel ya turo babur ɗinsa cikin taro, fuska a murtuke. "Don Allah ba ku ga wani mai malfa ba? Tun hantsi ya ce in jira shi zai kawo canji." Ya hangi Nu'uman, ya dubi wayarsa, ya sake dubansa. "Au! Mamacin ma na ɗauko? To ɗari uku ne kuɗina."

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Nu'uman ma ya fara washe baki, yana ganin abin zai wuce a wasa. Sai ƙofar gida ta buɗe, dariyar ta ɗauke.

Khadijat ce ta fito cikin hijabi, idanunta sun kumbura har sun ƙanƙance. Ta tsaya ta dube shi tun daga sama har ƙasa, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ta tambaye shi a hankali, "Maigida, tun yaushe kake kan bishiyar nan?"

"Tun azahar ne kawai."

"Kana jin kukana?"

Nu'uman ya hau tsince ganye daga jikin shaddarsa. Ta juya ta koma ciki. Da ta sake fitowa, makullin babur ne a hannunta da takardunsa a cikin leda. Ta wuce shi ta miƙa wa Saliu.

"Yaya, a sayar a biya mutane. Har da waɗanda aka cuta da hotonsa, don shi ya ba ɓarayin lambobinsu."

Nu'uman ya zube a gabanta. "Khadijat, babur ɗin nan fa shi ne abincinmu! Ki rufa mini asiri!"

Ta ce, "An ce mini na rasa miji, na haƙura. Babur ne ba zan iya haƙura da shi ba?"

Baba Andarawus ya yi gyaran murya ya ce, "Ɗari shida na ji an faɗa daga sama. Na saya a haka, ni ba na cutar maƙwabci. A cire masarata a ciki. Kai ɗan Dukku, ajiye naka ka kai mini wannan shago."

Aka tafa hannu, Malam Yero ya shaida. Abel ya haye jan babur, ya sa makulli, ya buga. Shiru. Ya sake bugawa, babur ya yi tari ya mutu. Ya yi ta bugawa har gumi ya jiƙa masa riga. Nma ya gwada, shugaban 'yan acaɓa ya gwada, babur ya ƙi. Mutane suka fara kallon juna, wani ya ce ko dai maganar Baba gaskiya ce, injin ya tafi.

Nu'uman yana tsugune a gefe yana ji. Da ya yi shiru, watakila da cinikin ya lalace, babur ya kwana a zaurensa. Ya san haka sarai. Amma a ce injinsa ya mutu, a gaban unguwa?

Ya tashi, ya ture Abel gefe. Ya karkata babur ɗin hagu kaɗan, ya shafa tankin da tafin hannunsa mai bororo, ya taka sau ɗaya. Injin ya tashi da wata ƙara mai santsi, har ganyen da ke ƙasa suka watse.

Ya ce, "Kun ji ko?"

Abel ya karɓi kan babur ya haye. Nu'uman ya tsaya a tsakiyar tabarmin makokinsa yana sauraron ƙarar har ta sha kwana, sannan ya goge idonsa da yagaggen hannun shadda, ya ce cinnaka ne ya shiga.